Amsa Tsirara

Shekara talatin da ɗaya ina yankan gilashi, ban taɓa ɗaukar biro don in yi lissafi ba. Wannan maganar na faɗe ta ya fi sau dubu, har maƙwabcina mai fenti yakan ƙarasa min ita kafin in kai tsakiya. Mutum zai shigo shago ya ce tagarsa inci ashirin da bakwai ce a arba'in, guda shida yake so. Kafin ya gama laluben waya a aljihu na gaya masa ƙafa arba'in da biyar ke nan, ga kuma kuɗinsa. Ya danna lissafin a wayar, ya sake dannawa, ya ɗago ya dube ni, ni kuwa in ci gaba da share teburin yanka kamar ban san da shi ba. Ba zan ɓoye ba, wannan kallon ya fi cinikin yi min daɗi.

A wajen maigidan da ya koya min sana'a na gaji abin. Shi in ya gan ka da fensir a hannu, rular ƙarfe zai sauke maka a bayan yatsu. A ganinsa duk wanda ya tsaya rubutu a gaban mai saye ya nuna bai san aikinsa ba, daga nan kuma za a fara yi masa tayin wulaƙanci. Na sha rular nan har na daina jin zafinta, kaina ya buɗe, na fito da wannan aƙidar na riƙe ta gam.

'Ya'yana huɗu. Uku sun ɗauko kan uwarsu, kuma ba laifi ba ne, sai dai in ka aike su ka ƙirga canjinka. Ta biyun ce ta ɗauko ni. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ban taɓa kiranta da sunanta ba, Mamana nake ce mata. Tana shekara bakwai, wata ranar da ba makaranta, tana zaune a kan akwatin katako a bayan teburina tana lilo da ƙafa, wani kafinta ya kawo awon madubi huɗu. Ina buɗe baki sai na ji amsar ta fito daga bayana da siririyar murya, kuma daidai. Kafintan ya yi dariya har da dafa bango. Ni kuwa ji na yi kamar a ranar aka haifa min ita.

Daga nan na sa ta a gaba. Ban taɓa dukanta ba, Allah ya sani, amma duk sanda ta ɗauki fensir za ta jera lambobi sai in zare shi daga hannunta in maƙale a kunnena, in ce ta rufe ido ta gani. A hanyar makaranta ina jefa mata lambobi tana cafkewa. Kafin ta shiga sakandare ta fi ni sauri, kuma wannan ne kaɗai kayen da na taɓa sha na yi murna.

Malamanta ba su taya ni murnar ba. Littafinta na lissafi cike yake da jan biro, wannan ya rubuta ina aikin, wancan ya rubuta nuna hanya. Ta kawo min tana tura baki, in duba in ga amsa daidai, in ce mata su ne ba su iya ba, shi ya sa suke son a nuna musu. Uwarta ta sha ce min in bar yarinyar ta yi yadda malamanta suke so, ai ba a shagona za ta ƙare ba. Ni kuma in ce ta ji da kekenta na ɗinki, ta bar mana harkar lissafi. Da sakamakon kammala sakandare ya fito, da ƙyar Mamana ta haye a lissafi. Kwana uku na yi ina zagin masu duba takardun jarrabawa. Ko sau ɗaya bai faɗo min a rai in tuhumi kaina ba.

Abin da take so ta karanta kuwa ta san shi tun tana shekara goma sha huɗu. A shekarar kuɗin gilashi ya tashi sau uku cikin wata biyar, ta tsare ni da tambaya. Yashin da ake narkawa bai canja ba, masana'antar ba ta ƙaura ba, motar da ke kawowa ita ce dai, to mene ne ya tashi? Na ce haka kasuwa take. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Tun daga lokacin take cewa tattalin arziki da harkar kuɗi za ta karanta, sai ta gano hannun da ke taɓa farashi daga inda ba a ganinsa. Ba ta taɓa ambaton wani karatun ba, ko da wasa.

Jami'a ta ɗauke ta, amma da sharaɗi. Saboda makin lissafin nan sai ta fara yin shekarar share fage. Sunan ma ya ɓata min rai, wane fage za a share wa 'yata? Ita ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Shekara ɗaya ce kafin a shiga ajin farko. A ƙarshenta akwai jarrabawar lissafi, duk mai son shiga sashen tattalin arziki da harkar kuɗi sai ya ci maki sittin cikin ɗari. Wanda ya faɗi za a ba shi dama ɗaya ya sake bayan mako shida. In ya ƙara faɗuwa shi ke nan, ba a maimaita shekarar, sashen kuma ba ya sake ɗaukarsa. Da na ji sittin na yi dariya, na ce ta tambaye su ko suna da abin da ya wuce ɗari.

Ni na kai ta jami'ar da akwatinta. Ɗakin ɗalibai ne mai gado biyu da teburi ɗaya da tagar da ba ta rufuwa sosai, wadda na gyara kafin in tafi, don ba zan iya ganin taga a karkace in wuce ba. 'Yar ɗakin nasu, wata doguwa mai tabarau, ta ɗauka ma'aikacin jami'a ne ni, har ta ce in duba musu famfo.

Shekarar nan ita ce mafi daɗi a rayuwata, kuma ina faɗa ne duk da abin da ya biyo baya. Duk ƙarshen mako Mamana za ta dawo, ta ajiye jaka a gida ta wuce shago, ta zauna ta yi ta zuba. A bakinta na ji cewa abin da nake yi in na hango tsada, in sayi kaya in jingine a bayan shago, yana da suna a littafi, har ana zana masa layi mai hawa da mai sauka. Ashe shekara talatin ina aikata ilimi ban sani ba. Na gaya wa mai fenti, ya ce shi ma a binciko masa sunan zaman banzan da yake yi daga azahar zuwa la'asar, ƙila yana da digiri bai sani ba.

Kowane mako suna yin gwajin lissafi a kwamfuta. Tambaya ta fito, ka rubuta amsa a wani ɗan akwati, ka danna, ta ce ka ci ko ka faɗi. Kwamfuta ba ruwanta da inda ka samo amsarka. Mamana ce ta ɗaya mako bayan mako, har 'yan ajinsu suka sa mata suna Kalkuleta. Malamar lissafinsu ta sha gaya musu a aji cewa jarrabawar ƙarshe da hannu za a rubuta ta, kuma hanya ake ba wa maki. Mamana ta ji. Ta ma kawo min maganar wata Asabar, ina tsaka da yanka madubin wani mai aski. Ban ko ɗago ba na ce wannan gargaɗi ne ga masu lalube, wanda ya kawo amsa daidai ba mai hana shi haƙƙinsa.

Jarrabawar awa uku ce. Minti arba'in ta yi ta fito. Ta kira ni a waya tana dariya, ta ce mai gadin jarrabawa har tambayarta ya yi ko ba ta da lafiya. Kafin yamma babu shagon da bai ji labarin minti arba'in ɗin nan ba a layinmu, tun daga mai tayil har mai ƙusa.

Bayan kwana goma ta dawo gida a tsakiyar mako, abin da ba ta taɓa yi ba. Na koma cin abincin rana na tarar da ita a ɗakin uwarta, zaune a ƙasa kusa da keken ɗinki, idanu sun kumbura. Uwar ce ta gaya min, don Mamana ta kasa. Tambaya goma ce, kowace maki goma, biyu na amsa, takwas na hanya. Amsoshinta goma duk daidai, amma kusan ba komai a sama da su. Maki ashirin da tara aka ba ta. Ba ma wannan ne ya sa ta kuka ba. An kira ta gaban kwamiti, mutum uku a bayan dogon teburi, suna tambayarta wa ya ba ta amsa, a ina ta ɓoye waya. Sai da suka ba ta sababbin tambayoyi ta amsa a tsaye a gabansu, sannan suka dubi juna suka ba ta haƙuri. Sun wanke ta daga sata, amma makin yana nan yadda yake.

Jinina ya hau. Na ɗauki hulata na ce yanzu zan je jami'ar in ga wanda ya ce 'yata ɓarauniya ce. Uwarta ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida muna tare ba ta taɓa tare min hanya ba.

"Malam, ka zauna," in ji ta. "Ka riga ka yi naka."

Na zauna. Abincin yana gabana har ya huce.

Mako shida muke da su. Na share rabin teburin yanka, na shimfiɗa mata kwali a kai, na sayo takardu dami guda da biro kwali ɗaya, ni da na yi shekaru ina ƙwace fensir. Kullum da safe muke fita tare. Ina yanka gilashi a wannan gefe, tana fama da takarda a wancan. Abin da ban taɓa zata ba shi ne wahalar da zai ba ta. Tana karanta tambaya amsar ta faɗo mata, sannan sai ta koma baya tana neman hanyar da ba ta san ta bi ba. Ta rubuta layi uku ta soke biyu. Tambayar da take amsawa kafin ka ƙifta ido sai ta ci mata minti arba'in, ta gama gumi na tsattsafo mata a goshi.

Wata rana ta ajiye biro ta ce in taimaka mata. Ta ce in ɗauki awon da na fi sabawa da shi, ashirin da bakwai a arba'in, in gaya mata a hankali abin da kaina yake yi tun daga jin lambar har zuwa amsa. Na ce ai mai sauƙi ne. Na buɗe baki na ce, to, ka ga ashirin da bakwai ɗin nan, sai ka... sai na tsaya. Na sake farawa. Na ce sai ka ɗauke ta ka kai ta can, ragowar kuma ta zauna. Ta ce ina ne can? Na rufe ido na nema. Amsar tana nan tsaye tana kallona, amma babu komai tsakanina da ita. Na yi ta juya hannu a iska kamar mai korar ƙuda.

"Kai ma ba ka sani ba, Baba," ta ce. Ba da raini ta faɗa ba, da ma da raini ne da ya fi min sauƙi.

Sau biyu ta je wajen malamarsu, matar ta zauna da ita bayan tashi daga aiki ta nuna mata yadda ake jera matakai. A hankali hannun ya fara faɗawa. A mako na biyar tana iya cika shafi tsaf, layi bayan layi, har ni da ban gane rabinsa ba sai in tsaya ina kallo. Sai dai saurin bai zo ba. In ta sa agogo, tambaya bakwai take kaiwa a awa uku, wani lokaci shida. Na ce ba komai, a ranar jarrabawa jiki zai saki.

A gaskiya tsoro ne ya cika ni, kuma ni mutum ne da in tsoro ya kama ni sai in yi ta ba da umarni. Ranar jarrabawar na raka ta tashar mota da sassafe. Tana riƙe da 'yar jakar leda mai biro uku da katin shaida. Duk hanya kwamitin nan nake gani a idona, mutum uku suna yi wa 'yata kallon ɓarauniya saboda abin da na koya mata. Motar ta cika saura ita, na riƙo hannun rigarta.

"Mamana, ki yi min alkawari. Kada ki kuskura ki rubuta amsa tsirara. Ko guda ɗaya. Abin da ba ki nuna hanyarsa ba ki bar musu shi fari."

Ta dube ni kamar za ta yi magana. Direba ya danna ham. Na ce ta yi min alkawari, ni ubanta ne, na ɓata sau ɗaya ba zan bari a sake ba. Ta ce ta yi. Na tsaya har motar ta sha kwana, na koma shago zuciyata wasai, ina ganin yau kam na gyara kuskurena.

Ta dawo da yamma, yatsunta biyu baƙi ƙirin da tawada. Ta ce ta yi shida cikakku, lokaci ya ƙare. Na lissafa nan take, shida sau goma sittin. Na ce ai shi ke nan, an gama. Ta ce in Allah ya so, ta shige ɗaki ta kwanta.

Hamsin da shida ta ci. Saƙon ya zo a wayarta wata Talata da hantsi, tare da wasiƙa mai ladabi da ke cewa sashen ba zai iya ɗaukarta ba, za a ba ta takardar shaidar kammala share fage, ana yi mata fatan alheri. Ba ta yi kuka ba a wannan karon. Ta miƙa wa uwarta wayar, ta ɗauki bokiti ta fara wankin da ba ranarsa ba. Kwana biyu ban buɗe shago ba. Mai fenti ya zo har gida, ya zauna a ƙofa ya kasa yin zolaya ko ɗaya, ya tashi ya tafi.

A rana ta uku na sa kayana masu kyau na tafi jami'ar. Uwarta ba ta hana ni ba, ta ga ba faɗa zan je yi ba. Roƙo zan je yi, abin da ban iya ba. Maki huɗu ne. Na yi ta maimaitawa a mota cewa duk inda aka duba takarda shafi goma sha biyu ba za a rasa maki huɗu da suka maƙale a wani lungu ba.

Ofishin malamar yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda. Ƙaramin ɗaki ne, takardu jibge har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe su na zauna. Mace ce mai furfura a gaban goshi, tana magana a hankali. Ina faɗin ko ni wane ne ta ce ta sani, ni ne mai gilashi, 'yata ta ba ta labarina. Ban san wane labarin ba, ban kuma tambaya ba. Na fara jawabin da na shirya, ta bar ni har na kai ƙarshe, sannan ta buɗe durowa ta ɗauko takardar jarrabawar. Ta ce ɗalibi yana da damar ganin takardarsa, tunda kuma 'yar ta ƙi zuwa, ba ta ga laifin uban ya gani ba.

Ta buɗe min shafi-shafi. Rubutun Mamana ne, ƙanana, a jere, ko kuskure ɗaya ba a soke da garaje ba. Tambaya ta ɗaya goma, ta biyu tara, ta uku goma. A wasu wuraren ta tsallake mataki, aka cire ɗaya ko biyu. Malamar ta ce sau uku ta ƙirga tana neman maki huɗun nan, ta kuma ba wani malamin ya duba ba tare da ta gaya masa komai ba, shi ma hamsin da shida ya samu. Ta ce a shekara goma sha tara da ta yi tana koyar da 'yan share fage ba ta ga kai irin na yarinyar nan ba.

Sai ta juya zuwa shafin ƙarshe. Fari ne fat. A gefen hagu an rubuta bakwai, a ƙasa takwas, sai tara, sai goma, kowace da ɗan fili a gabanta. Kusa da bakwai ɗin akwai wani ɗigon tawada mai kauri, irin wanda biro ke bari in an ɗora shi a takarda an daɗe ba a motsa ba.

"Wannan ne ban gane ba," in ji malamar. "Mai gadin ya ce ta gama ta shida saura minti shida. Na san yarinyar nan, kallo ɗaya za ta yi wa waɗannan ta san amsarsu. Amsa kaɗai maki biyu ce, ba mai hana ta. Ko biyu ta rubuta ta haye. Na tambaye ta a waya, ta ce min lokaci ne ya ƙure. Kai ko ta gaya maka wani abu?"

Na ce a'a.  Ta ce da akwai abin da za a sake dubawa da ta kai maganar gaba da kanta, amma ba a ɗaukaka ƙara a kan farar takarda. Ta ambaci wasu kwasa-kwasan da takardar shaidar za ta iya buɗewa, ta rubuta min sunayensu. Na karɓa na yi godiya har sau uku. A matattakala na zauna a kan mataki ɗalibai suna ratsa ni suna hira.

La'asar ta yi na isa gida. Uwarta ta fita kai ɗinki, ƙannen suna makaranta. Mamana tana tsakar ɗakinsu a durƙushe, tana jera littattafanta a cikin kwali. Ta ce 'yar ɗakinsu mai tabarau ta haye, za ta shiga ajin farko, littattafan za su yi mata amfani. Tana goge bangon kowanne da gefen zaninta kafin ta saka. Ta yi min sannu da zuwa, ta ga kayan jikina, ta san inda na je. Ba ta tambaya ba.

Na zauna a bakin gado.  Na so in yi shiru in bar maganar ta mutu, na san kuma in na yi shiru yau ba zan ƙara iya kallon idonta ba.

"Huɗun nan na ƙarshe," na ce. "Kin san su?"

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wani littafin ta goge.

"Ta bakwai ɗari biyu da arba'in. Ta takwas goma sha biyu da rabi cikin ɗari. Ta tara farashi talatin da biyar, adadi tamanin. Ta goma dubu ɗaya da ɗari shida."

Mako uku ke nan da jarrabawar, ta zubo su kamar yanzu ta ajiye takardar. Na ce to me ya sa. Na san amsar, amma bakina ya tambaya.

"Na ɗauka shidan za su isa," ta ce. "Na ɗora biron ma. Sai na tuna ka ce kada in rubuta."

Na ce mata sittin da huɗu ke nan da ta samu. Ban san abin da ya sa na faɗa ba, kamar ita ce za a gaya wa.

"Na sani, Baba. Tun ranar da saƙon ya zo."

Ashe duk kwanakin nan da take kawo min ruwan wanka, tana tambayata ko in sha shayi, tana ɗauke da lambar nan a kanta, ta ɓoye wa malamarta, ta ɓoye wa uwarta, don kada ta iso kunnena. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, kuka ya riga ni. Ban taɓa kuka a gaban 'ya'yana ba, ban ma san yadda ake tsayar da shi ba.

Ta bar ni na yi. Da na lafa ta jawo kwalin gabana ta ce murfin ya ƙi haɗuwa, in danne mata shi ta ɗaure. Na sa hannu biyu na danne, ta zagaya igiyar ta ƙulle.